Takardun shaidar koyar da Ingilishi: wace tambaya kowace take amsawa?

0. Gabatarwa

A watan Maris na 2025 ne aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa (Charte de la refondation), wanda ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, ya ƙara wa wata tsohuwar tambaya nauyi, wato wadda ɗalibai ke yi in sun gama lisans a fannin Ingilishi: wace takarda ce ta dace a nema nan gaba? Takardun kuwa suna da yawa. Akwai CELTA da CertTESOL, akwai Delta da DipTESOL, akwai TKT, akwai mastar ta TESOL, akwai CAPES, sa'annan ga tarin satifiket da ake sayarwa ta intanet.

Galibi akan jera waɗannan takardu kamar matakan tsani guda, a ce wannan tana saman waccan. A cikin wannan ɗan nazari za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa wannan jeri kuskure ne. Takardun sun fito daga tarihi daban-daban, kowace kuma tambayar da take amsawa daban ce. Za mu kuma nuna cewa akwai tambaya guda da ta fi shafar malamin Ingilishi a Nijar, wadda kusan dukansu suka bari a baya. Muna amfani da kalmar Ingilishi a nan, don a bakin mutanen ƙasar nan kalmar Turanci takan nufi Faransanci.

1. Maganar suna

Kafin a auna takarda, sai an san wane irin ɗalibi aka yi ta dominsa. Kachru (1985) ya kasa masu amfani da Ingilishi cikin da'ira uku. Ta ciki ita ce ta ƙasashen da Ingilishi ke harshen uwa ga akasarin jama'a, kamar Ingila da Amurka da Ostareliya. Ta waje ita ce ta ƙasashen da suka gaje shi daga mulkin mallaka, yake harshen hukuma da makaranta, kamar Najeriya da Gana da Indiya. Ta uku ita ce ta ƙasashen da ake koyonsa a matsayin darasi kawai, kamar Japan da Faransa. Laƙabin ESL yana nufin Ingilishi a matsayin harshe na biyu, EFL kuwa a matsayin harshen waje, TESOL kuma laima ce da ta rufe koyar da su duka.

Sai dai laƙabin ESL kansa fuska biyu gare shi. A Amurka yana nufin ɗan baƙin haure da ke jin Ingilishi a titi da kanti da talabijin. A Najeriya yana nufin yaron da ake koya wa lissafi da tarihi da Ingilishi, alhali gida da kasuwa da wani harshe ake magana. Ɗalibinmu na Maraɗi ko Damagaram bai shiga ɗaya daga cikin biyun ba. Da Hausa ya tashi, ya taɓa Larabcin allo, ya yi firamare da Faransanci, sai a ajin farko na kwaleji (sixième) ya gamu da Ingilishi. Harshe na uku ne gare shi ko na huɗu, kuma ta ƙofar Faransancin da bai gama zama a bakinsa ba yake shiga. Laƙabin EFL ma bai zauna masa daidai ba, tunda daga Maraɗi zuwa iyakar Najeriya bai kai kilomita 60 ba, kuma Ingilishi yana kan takardar naira da kwalayen kaya da ke yawo a kasuwa.

2. Hanyoyi uku

2.1. Gajeren horo irin na Ingila

Asalin wannan hanya makaranta ce mai zaman kanta, International House, wadda John da Brita Haycraft suka kafa a Kordoba ta ƙasar Sipaniya a 1953. A 1962 suka buɗe gajeren horo a Landan don samar wa makarantarsu malamai. Daga baya hukumar RSA ta ɗauki nauyin jarrabawar, a 1988 ta koma hannun hukumar jarrabawa ta jami'ar Kambirij, a 1996 kuma ta sami sunan CELTA. Harafin A na ƙarshen sunan ya samo asali ne daga kalmar da ke nufin manyan mutane, abin da bai kamata a manta ba.

Tsarin CELTA sananne ne: aƙalla awa 120 na horo, waɗanda akan yi cikin mako huɗu ko biyar, da awa 6 na koyarwa a gaban ɗalibai na gaske ƙarƙashin idon mai horarwa, da awa 6 na kallon ƙwararrun malamai, da rubuce-rubuce huɗu na kalma 750 zuwa 1000 kowane. Ba a neman digiri kafin shiga, amma ana neman shekara 18 da Ingilishi mai ƙarfi, wato ƙarshen matakin C1 ko C2 na ma'aunin Turai. Kishiyarta ita ce CertTESOL ta Trinity College London, mai aƙalla awa 130, ita ma da awa 6 na koyarwa. Ga wanda ya riga ya daɗe a aji akwai Delta, wadda aka kasa gida uku tun 2008, da kuma DipTESOL. TKT kuwa, da ta fito a 2005, jarrabawa ce ta sani a kan takarda: tambaya 80 cikin minti 80 a kowane kashi, ba tare da an ga mutum a gaban allo ba.

Tambayar da wannan hanya take amsawa ita ce: shin mutumin nan zai iya tsayawa gaban aji gobe da safe ya gudanar da darasi? Dole a yaba mata a nan, don ba ta yarda da faɗar baki. Sai an shirya darasi a rubuce, an koyar da shi, an zauna an warware shi filla-filla a ranar.

2.2. Digirin mastar

Wannan hanya a jami'a aka haife ta. A 1941 Charles Fries ya kafa cibiyar koyar da Ingilishi a jami'ar Mishigan, inda Robert Lado ya fitar da littafinsa na 1957 a kan kwatanta harsuna don amfanin koyarwa. A ƙarshen shekarun 1950 jami'ar Edinbara ta buɗe makarantar ilimin harshe na aikace (linguistique appliquée), inda Pit Corder ya rubuta maƙalarsa ta 1967 a kan ma'anar kurakuran mai koyo. Ƙungiyar TESOL ta kafu a Amurka a 1966, takwararta ta Ingila, wadda aka sani yau da IATEFL, a 1967.

Mastar ta TESOL takan ɗauki shekara ɗaya a Ingila, shekara biyu a Amurka. Ana karanta ilimin furuci da nahawu, da yadda ake samun harshe na biyu, da tsara manhaja, da auna ƙwazo, da dabarun bincike. Tambayarta ita ce: shin mutumin nan ya san dalilin abin da ake yi a aji, zai kuma iya bincike a kai? Raunin da ke gare ta shi ne cewa da yawa daga cikin waɗannan digirori, musamman na shekara ɗaya, ba su tilasta koyarwa a gaban mai dubawa. Mutum na iya rubuta kundi mai kyau a kan dabarun gyara kuskure ba tare da wani ya taɓa ganin yadda yake gyara kuskuren yaro ba.

2.3. Izinin hukuma

Hanya ta uku ta gwamnati ce, tambayarta kuwa ta shari'a ce: wa ke da izinin koyar da ƴaƴan jama'a a makarantar hukuma? A Amurka, hukuncin kotun ƙoli na 1974 a shari'ar Lau da Nichols, wadda ta shafi yara masu jin Sinanci a San Faransisko, ya wajabta wa makarantu kula da yaran da ba su jin Ingilishi. Kowace jiha ce ke ba da nata lasisi, kuma mastar ita kaɗai ba ta wadatar sai in an haɗa ta da shirin lasisin jihar. A Faransa, CAPES da aka kafa a 1950 gasa ce ta ɗaukar ma'aikata (concours), adadin gurabe ne ke yanke yawan waɗanda za su ci. A Najeriya mai digirin da ba na koyarwa ba yakan yi PGDE, sa'annan ya yi rajista da hukumar TRCN da aka kafa a 1993. A nan gida kuwa Babbar Makarantar Horon Malamai (ENS) ta jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ce aka sani da DAP/CEG da CAPES.

Ƙarfin wannan takarda shi ne ita ke buɗe ƙofar aikin gwamnati da albashi da girma. Iyakarta kuma ita ce iyakar ƙasa: lasisin jihar Teksas ba ya aiki a Tawa, haka CAPES ta Yamai ba ta aiki a Teksas.

3. Sharhi

3.1. Ajin da aka ɗinka wa rigar

Holliday (1994) ya bambanta duniya biyu a wannan sana'a. Ɗaya ita ce ta makarantun harshe masu zaman kansu na Ingila da Ostareliya da Arewacin Amurka. Ɗayar ita ce ta makarantun hukuma na sauran duniya, daga firamare zuwa jami'a. Hujjarsa ita ce dabarun koyarwa a duniyar farko ake ƙera su, a ta biyu ake sayar da su. CELTA ƴar duniyar farko ce tsantsa. Ajin da ake gwaji a cikinsa na manya ne, mutum goma ko goma sha wani abu, waɗanda suka zo da son ransu, ga kujeru masu motsi, ga injin kwafi.

Mu ɗauki dabarar haɗa ɗalibai biyu-biyu su yi hira, wadda ita ce zuciyar wannan horo. A ajin mutum 12, ƙungiya 6 ke nan, malami zai zagaya ya saurari kowace sau biyu ko uku. A ajin mutum 80, wanda ba baƙon abu ba ne a kwalejojinmu, ƙungiya 40 ke nan. In ya ba kowace rabin minti, minti 20 sun tafi, bai kuma ji komai ba saboda hayaniya. Ba muna cewa dabarar ba ta yiwuwa ba ne. Muna cewa tana bukatar wani ilimi na daban, na sarrafa babban aji mai ƙarancin littafi, wanda awa 6 na gwaji a ƙaramin aji ba su bayarwa. Matsalar ma ba sabuwa ba ce: tun 1960 Michael West, wanda ya yi aiki a Bengal, ya rubuta littafi a kan koyar da Ingilishi cikin mawuyacin hali, kuma ajin da ya kira mawuyaci shi ne wanda ya haura mutum 30.

3.2. Harshen ɗalibi

Nan ne babbar sukarmu take. A 1961 aka yi taron ƙasashen Kwamanwel a Makerere ta Uganda a kan koyar da Ingilishi. Phillipson (1992) ya tsamo aƙidoji biyar daga rahoton taron, ya kira su ruɗu. Biyu daga ciki sun shafe mu kai tsaye: cewa da Ingilishi zalla ya fi dacewa a koyar da Ingilishi, da cewa malamin ƙwarai shi ne wanda ya sha harshen a nono. Aƙidar farko tana da dalili a ajin Landan, inda Bajapane da Baturke da Balarabe ke zaune tare, malamin kuma ba ya jin harshen ko ɗaya. Abin da larura ta haifar sai ya zama ƙa'ida. Har a cikin CertTESOL akwai darussa na wani harshen da mai neman takardar bai sani ba, waɗanda ake bayarwa ba tare da fassara ba. Darasi ne mai amfani wajen ɗanɗana wa malami halin ɗalibi, amma yana kuma cusa masa cewa koyarwa ta gari ba ta bukatar harshen gida.

A ajinmu kuwa malami da ɗalibai sun haɗa harshe biyu aƙalla. Mu duba waɗannan misalai, inda tauraro ke nuna jimlar da ba ta karɓu ba:

(1) Ina da shekara 15. / J'ai 15 ans. / *I have 15 years.

(2) Na ga Ali jiya. / J'ai vu Ali hier. / *I have seen Ali yesterday.

(3) Maraɗi ta cika. / Elle est pleine. / *She is full.

A (1) Hausa da Faransanci duka da mallaka suke faɗin shekaru, Ingilishi kuwa da kasancewa, don haka harsuna biyu ne ke tura yaro cikin rami guda. A (2) Hausa ba ta raba abin da Ingilishi ya raba gida biyu, tunda "na ga Ali" ya isa ko an ambaci lokaci ko ba a ambata ba, sa'annan siffar Faransanci ta yi kama da siffar Ingilishi da ba ta dace ba. A (3) sunan gari mace ne a Hausa, kuma daga Hausa har Faransanci babu mai wakilin suna na musamman don abin da ba mutum ba. Ta fannin furuci, Hausa ƙwayar sauti guda gare ta a inda Ingilishi ke da p da f, shi ya sa pin da fin ke haɗewa. Amma yaron ya riga ya yi fama da pain da faim a firamare, malamin da ya san haka zai ɗora daga nan. Akwai kuma jarin da ba a taɓawa: mota, tebur, burodi, asibiti, direba, lauya, soja, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su, kuma wasulan da ta cusa a cikin burodi da asibiti darasi ne a kan yadda take ƙin tarin baƙaƙe.

Malamin da ya san waɗannan yana iya warware (2) cikin minti biyu da jimlar Hausa ɗaya. Wanda aka horar a kan guje wa harshen gida zai zana layin lokaci a allo, ya yi ta nuni da hannu, ƙila kuma kuskuren ya dawo mako mai zuwa. Medgyes (1994) ya nuna cewa malamin da ya koyi Ingilishi a makaranta yana da nasa fifiko: ya bi hanyar da ɗalibi ke bi, ya san inda ƙaya take. Gaskiya ne an samu sauyi. Ƙungiyar TESOL ta yi tir da nuna bambanci wajen ɗaukar irin waɗannan malamai tun 1991, kuma ƙarin da aka yi wa ma'aunin harsuna na Turai a 2018 da 2020 ya ba shiga tsakanin harsuna (médiation) babban matsayi. Amma yarda da harshen ɗalibi daban, saninsa daban. Takardar da aka tsara don ta yi aiki a kowace ƙasa ba ta da halin auna sanin Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Tamajak. Wannan ba laifinta ba ne, iyakarta ce, sai dai mai talla ba ya faɗin iyaka.

3.3. Daraja da farashi

A ma'aunin takardu na Ingila, CELTA da CertTESOL suna mataki na 5, Delta da DipTESOL suna mataki na 7, wato matakin da mastar take. Wannan yakan ruɗi ɗalibai. Matakin yana nuna zurfin aiki, ba ya nuna yawansa. Delta ba mastar ba ce, ko da yake wasu jami'o'in Ingila sukan rage wa mai ita wani kashi na karatun mastar. Tsarinmu na LMD kuwa, da ma'aunin CAMES da aka kafa a Yamai a 1968, da shekaru da kiredi suke lissafi. Kuɗin CELTA a Ingila yakan haura fam 1000, wato sama da sefa 700.000, ban da tafiya da masauki. Duk wanda zai kashe wannan da niyyar samun ƙarin girma a aikin gwamnati, ya kamata ya nemi amsa a rubuce daga ma'aikatar da abin ya shafa kafin ya biya.

Ƙasa da waɗannan akwai kasuwar da ba ta da sarki. Kalmar TEFL ba mallakar kowa ba ce, kowa na iya buga ta a kan takarda. Masu sayarwa sun kwaikwayi adadin awa 120, suka zubar da abin da ya ba adadin daraja, wato koyarwa a gaban mai dubawa. Tambaya uku sun isa a rarrabe: wace hukuma ce ta waje ke tantance horon, awa nawa za a koyar da ɗalibai na gaske, wane ne kuma zai zauna ya duba. In ba a samu amsa ba, sayen kifi a ruwa ne.

4. Abin da muke gani ya dace

Ga ɗalibi, zaɓi ya danganta ga inda ya dosa. Mai nufin kwaleji ko lise na gwamnati, hanyarsa ENS ce, sauran duk ƙari ne. Mai nufin cibiyoyin harshe masu zaman kansu ko aiki a waje, CELTA ko CertTESOL za su yi masa amfani, don su masu ɗaukar aiki suka sani. Mai nufin jami'a ko tsara manhaja ko horar da malamai, ba makawa sai mastar da abin da ke bayanta, kuma ya fi kyau ya shige ta bayan ya yi shekara biyu ko uku a aji, don ya je da tambayoyinsa.

Ga sassanmu na jami'a kuwa, aikin ya fi haka nauyi. Muna ganin mastar ta koyar da Ingilishi da ta dace da ƙasar nan sai ta tsaya a kan abu huɗu. Na farko, ta ari abin da ya fi kyau a gajeren horon Ingila: awoyi ƙididdigaggu na koyarwa da ake dubawa a warware nan take, amma a cikin ajin kwaleji na gaske, da yawansa da ƙarancin kayansa. Na biyu, darasi na tilas a kan kwatanta harshen gida da Faransanci da Ingilishi, wanda sashen ilimin harsuna da sashen Ingilishi za su ɗauka tare. Na uku, a auna Ingilishin ɗalibi kansa, na baki da na rubutu, a shiga da fita, don sanin harshen ɗalibi ba ya maye gurbin sanin harshen da ake koyarwa. Na huɗu, kundin ƙarshe ya fito daga aji: tarin kurakuran ɗalibai, ko gwajin wata dabara a babban aji. Ƙasar da ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram ba ta rasa abin da za ta ɗora wannan aiki a kai ba.

5. Kammalawa

Mun ga cewa gajeren horo yana shaidar iya gudanar da darasi, mastar tana shaidar sani da bincike, takardar hukuma tana shaidar izini. Wanda ya nemi ɗaya a wurin ɗaya zai yi asarar kuɗi da shekaru. Mun kuma ga cewa ilimin da malaminmu ya fi bukata, wato sanin hanyar da ke tsakanin Hausa da Faransanci da Ingilishi a cikin aji mai cunkoso, babu wata hukumar waje da za ta auna mana shi, tunda zanen aro ba ya rufe katara. Muna fatan abokan aiki na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa za su gwada misalan sashe na 3.2 a kan takardun ɗalibansu, su kuma faɗaɗa su zuwa sauran harsunan ƙasar nan, don a samu abin da za a gina manhaja a kai.